Zaman cikin garin Katsina da sababbin unguwanni: me ya hana mu gina inda za a rayu da ƙafa?

Malamin Sakandare, Rafindaɗi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da nake so mu tattauna a wannan zaure, domin na lura cewa duk wanda Allah ya buɗa wa a cikinmu, abin da yake fara tunani shi ne ya sayi fuloti a bayan gari, ko ta wajen Barhim, ko hanyar Batsari, ko bayan Dandagoro, ya ja doguwar katanga, ya kwashe iyalinsa daga cikin gari. Ban ga laifin mai yin haka ba, saboda gidajen gado sun cika sun batse, kuma kowane magidanci yana son wurin da zai miƙe ƙafa. Sai dai ina ganin akwai wata dukiya da muke barowa a baya ba tare da mun saka ta a lissafi ba, wato kusanci. Mutumin da yake zaune a Rafindaɗi ko Yarinci ko Gambarawa ko Masanawa da ƙafarsa yake zuwa salloli biyar, da ƙafarsa yake zuwa Juma'a a babban masallacin da ke kusa da Ƙofar Soro, kuma mai kayan miya da mahauci da tela da kemis da mai gyaran waya da makarantar allo duk suna inda yaro ɗan shekara goma zai je ya dawo kafin tukunya ta tafasa. A da ba mu ga girman wannan ni'ima ba saboda man fetur yana da araha. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafi, litar da ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuma abokan aikina da suka koma bayan gari yanzu kuɗin mai da na kurkura, wato Keke Napep, suna cin kaso mai tsoka na albashinsu tun kafin a zo maganar hatsi. Tambayata ita ce, shin abin da muke samu a bayan gari ya kai abin da muke rasawa? Kuma me ya hana a tsara sababbin unguwanni ta yadda mutum zai iya biyan buƙatunsa na yau da kullum da ƙafa?

Maman Khalifa, Masanawa:
Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya saka da alheri, amma ka kalli maganar ne da idon maza, ka bar namu, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A cikin gari aka haife ni, a nan aka kai ni ɗakin miji. Lungunmu mota ba ta shiga, kurkura ma a bakin hanya take tsayawa, don haka idan naƙuda ta kama mace da tsakar dare sai mata biyu sun riƙo ta sun tako da ita a hankali har bakin titi, wani yaro yana gaba yana haska fitilar waya a kan kwata don kada a zurma. Idan damina ta kankama ruwan kwata yana haɗuwa da na sama ya shigo har zaure, sauro kuwa ba a magana. Akwai gidajen da magidanta huɗu da iyalansu suke layin makewayi ɗaya. Sannan wannan cikar unguwa da kuke yabo, wani ɓangarenta majalisun samari ne a kan dakali, mace ba ta wucewa sai an raka ta da ido, har ta gwammace ta yi dogon zagaye. Idan ka ji mace tana matsa wa maigidanta ya yi gini a bayan gari, ba son ƙarya ba ne, gajiya ce.

Malamin Sakandare, Rafindaɗi:
Hajiya, duk abin da kika lissafa gaskiya ne, kuma matan gidanmu suna faɗin irinsa. Abin da nake cewa shi ne toshewar kwata da rashin ladabin 'yan majalisa ba kusanci ne ya haife su ba, sakaci ne, kuma ana iya gyara su mutum yana zaune a inda yake. Nisa kuwa idan an riga an gina shi, ba ya gyaruwa sai da mota.

Injiniya, Ƙofar Ƙaura:
Malam da Hajiya, ku ba ni dama in shigo ta fuskar aikina. Tsarin da muke kwaikwayo a sababbin unguwanni yana da asali, kuma ba daga wurinmu ya fito ba. Lokacin da Turawa suka zo sun keɓe wa kansu wurin zama a wajen ganuwa, shi ne tushen abin da muke kira GRA a manyan garuruwan Arewa, kuma ƙa'idar da aka bi a zamanin Gwamna Lugga ita ce a bar fili mai faɗin yadi 440 da ba a gini a cikinsa tsakaninsu da 'yan ƙasa, bisa tunaninsu na guje wa zazzaɓin cizon sauro. A wannan tsari gida yana tsakiyar makeken fili, babu shago babu kasuwa a kusa, domin akwai kuku da boyi da za su je cefane. Da aka sami mulkin kai a 1960 manyan ma'aikatanmu suka gaji waɗannan gidaje, daga nan zama nesa da jama'a ya zama alamar ci gaba a idonmu. Abuja, wadda aka mayar da mazaunin gwamnati cikinta a Disamba 1991, ta ƙara dasa mana wannan tunani, domin an shimfiɗa ta ne da mai mota a zuciya.

A nan gida kuma, da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987 sai garin ya fashe ta kowace kusurwa. Manyan makarantu irin su Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman suna can kan hanyar Dutsinma, ofisoshi suna wata nahiya, gidaje suna wata, ga shi babu tsayayyun motocin haya na cikin gari da suke haɗa su a kan lokaci, sai kurkura da babur. Mafi muni a wurina shi ne awon igiya, inda mai gona yake yanka gonarsa fuloti-fuloti dillalai su sayar, ba a bar wurin makaranta ba, ba a bar wurin kasuwa ba, ba a bar hanyar ruwa ba. Wanda ya gudu daga lungu ya faɗa awon igiya ya haɗa wahala biyu, ga nisa ga matsi.

Game da lungun Hajiya kuwa, addininmu ma ya ba da ma'auni, domin ya tabbata a hadisi cewa idan aka yi saɓani a kan hanya a sanya faɗinta zira'i bakwai, wato mita uku da 'yan kai. Wannan faɗin ya isa kurkura ko ƙaramar mota ta shiga ta ɗauko mara lafiya. Lunguna da yawa ba a haka aka bar mana su ba, mu ne muka cinye su, wannan ya ci taku ɗaya da dakali, wancan ya haƙa shadda a waje, wani ya yi tudun shigar da babur, har hanyar ta koma ta mutum ɗaya.

Bakatsine a Alƙahira:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ƙaraminku ne, ina karatu a Azhar, kuma ina zaune a Darrasa, unguwar da ke jikin masallacin Azhar da masallacin Husaini da kasuwar Khan Khalili. Alƙahira da kewayenta tana ɗauke da mutane sama da miliyan 20, amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mafi yawan buƙatuna ba sa fitar da ni daga unguwa. Dalili shi ne yadda suke gini. Bene ne mai hawa biyar ko shida, jama'a suna zaune a sama, ƙasan kuwa gaba ɗaya shaguna ne, ga mai gasa gurasa, ga mai wake, ga kantin littattafai, ga mai guga, ga kemis. A layinmu akwai wata dattijuwa a hawa na huɗu da ba ta iya sauka, kowace safiya sai ta zuro kwando da igiya daga baranda da kuɗi a ciki, mai shago ya zuba mata gurasa da kayan miya, ya saka canjinta, ta janye abinta. Titin Mu'izz, wanda ya taso daga Babul Futuh ya nufi Babu Zuwaila, an mayar da wani sashensa na masu tafiya a ƙasa, kuma da dare iyalai ne suke cika shi da 'ya'yansu, fitilu a kunne, mace tana tafiya ba ta fargaba saboda idon jama'a ya yi yawa. Idan kuma tafiyar mai nisa ce akwai jirgin ƙarƙashin ƙasa da ya fara aiki tun 1987, shekarar da aka ba mu jiha.

Ba na cewa mu kwafi benensu, domin babu tsakar gida, babu wurin turke akuya ko shanya, kuma hayaniya ba ta ɗaukewa har asuba, na san iyayenmu mata ba za su iya wannan zaman ba. Abin ɗauka shi ne haɗa wurin kwana da wurin sana'a. Turawan da muka koyi rabawar daga wurinsu ma sun juyo. Wani farfesa mai suna Carlos Moreno ya fito da tunanin birnin minti 15 a 2016, wato mutum ya sami makaranta da asibiti da kasuwa da wurin aiki cikin tafiyar minti 15 da ƙafa ko keke, kuma Anne Hidalgo ta yi yaƙin neman zaɓen magajin garin Paris da shi a 2020. Abin da suke kashe maƙudan kuɗi su dawo da shi, mu muna da shi a cikin ganuwa.

Baba Mai Ritaya, Yarinci:
'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka, jikata ce take rubuta mini abin da nake faɗa. Mu da muka taso zamanin Sarki Usman Nagogo, mutum yana tasowa daga Ƙofar Guga da ƙafa ya ratsa gari ya fita ta Ƙofar Ƙaura, ko daga Ƙofar 'Yanɗaka ya nufi Ƙofar Durɓi, bai ɗauki hakan wani aiki ba, domin hanyar cike take da gaisuwa, kuma akwai inuwar bedi da durumi da zai tsaya ya huta. Ma'aikaci mai keke shi ne mai hali. Amma ba tarihi nake son ba ku ba, maganar tsufa nake so ku saka a lissafinku, domin kowannenku yana gina gidan da zai tsufa a cikinsa ne.

A masallacin unguwarmu, idan ba a ga mutum a sahun asuba ba kwana biyu, liman yana juyowa bayan sallama ya tambaya, kuma kafin rana ta fito mutum uku ko huɗu sun yi sallama a zaurensa. Idan aka yi rasuwa, kafin a gama wanka layi ya cika, a ɗauki makara a kafaɗa ana karɓa-karɓa har maƙabartar Ɗanmarna, babu wanda ya nemi mota. Ina da amini da 'ya'yansa suka gina masa gida mai kyau a bayan gari don su kyautata masa, Allah ya saka musu, amma idonsa ya yi rauni ba ya tuƙi, masallaci yana da 'yar tazara, babu inuwa a hanya, maƙwabta kowa yana bayan get ɗinsa. Yini yake daga shi sai rediyo, sai ranar da wani yaro ya sami sarari ya kawo shi wurinmu. Duk ranar da ya zo ba ya son la'asar ta yi. Ni na roƙi nawa 'ya'yan su gyara mini inda nake, su bar ni a nan.

Alhaji Ɗan Kasuwa, 'Yar Kutungu:
Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya, maganarka ta shige ni. Ni ina cikin waɗanda suka fita, kuma ba don kwata na fita ba, don tarbiyyar yara na fita. Unguwar da mutane suka yi yawa kowa yana shigowa, na kirki da na banza, kuma babu wanda zai musa cewa ƙauraye da masu shaye-shaye da masu ƙwacen waya sun sa wasu lunguna ba sa biyuwa bayan isha'i. Na ga yaran maƙwabta da aka yi wa tarbiyya mai kyau amma dakalin ƙofar gida ya lalata su. A inda nake yanzu na san inda ɗana yake a kowane lokaci. Amma zan faɗi abin da ya biyo baya don a yi adalci. Da kaina nake kai su boko da safe, in dawo da su, in kai su Islamiyya, kuma ranar da mota ta sami matsala ranar babu karatu. Ko maganin sauro aka manta da shi sai an tayar da inji. Ta fuskar kasuwa kuwa, duk ɗan kasuwa ya san ciniki yana bin ƙafa ne, mai wucewa da mota ba ya ganin kayanka, mai tafiya a ƙasa shi ne yake tsayawa ya taya. Shi ya sa shago a bakin hanyar cikin gari ya fi shagon filaza a bayan gari tsada, ko da ya fi shi ƙanƙanta.

Ma'aikaciyar Jinya, Sabuwar Unguwa:
Ina so in ƙara abu ɗaya daga abin da muke gani a wurin aiki. Hawan jini da ciwon suga suna ƙaruwa a cikin mutanen da ba su tsufa ba, kuma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Wanda yake zuwa masallaci da cefane da ƙafa yana cika wannan bai ma sani ba, wanda kuwa yake fita daga ɗaki ya shiga mota sai ya ware lokaci na musamman, kuma kaɗan ne suke dorewa. Amma ina tare da Maman Khalifa a kan tsafta, domin inda rijiya take kusa da shadda, da zarar damina ta sauka amai da gudawa ba ya nisa. Sannan a tuna da zafinmu. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake kaiwa digiri 40, babu wanda zai yi tafiya a titin da aka sare bishiyoyinsa, komai kusancin wurin.

Baƙo daga Daura:
Mu a Daura har yanzu mutum yana iya zuwa fada da rijiyar Kusugu da kasuwa da ƙafa a fita ɗaya. Sai dai tun da aka kawo kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri, filaye suka yi daraja, gonakin bakin gari suna komawa fulotai da sauri, kuma irin awon da Injiniya ya bayyana shi ake yi. Ina bin wannan muhawara ne don mu san abin da za mu kauce wa tun da sauran lokaci.

Maman Khalifa, Masanawa:
Tun da kowa ya yi adalci, ni ma zan faɗi ɗaya ɓangaren. Ƙanwata tana cikin gari tana yin awara da ƙuli-ƙuli da kitso, ba ta taɓa neman mai saye ba, yara ne suke sallama daga safe har dare. Da suka koma wani rukunin gidaje a bayan gari sana'ar ta mutu cikin 'yan watanni, saboda gidajen a rufe suke kuma babu mai aiko yaro. Barka da biki da gaisuwar mutuwa, da muke zuwa da mayafi kawai, yanzu sai ta jira an ba ta kuɗin kurkura. Duk da haka, Malam, idan aka ba ni zaɓi yau zan fita, amma ba zan yarda da wurin da babu Islamiyya da masu kayan miya a kusa ba. Injiniya, shin akwai irin wannan wuri, ko kuwa sai dai mutum ya zaɓi wahalar da zai iya ɗauka?

Injiniya, Ƙofar Ƙaura:
Hajiya, akwai, kuma unguwannin da suke jikin ganuwa ta waje, waɗanda aka yanka da layuka tun shekarun baya, sun fi kusa da abin da kike nema, domin mota tana shiga kuma shaguna sun riga sun zauna. Ga mai sayen sabon fili kuwa, kafin ya tambayi farashi ya nemi a nuna masa taswirar awon, ya duba faɗin layi, ya duba inda ruwa zai bi, ya duba ko an ware filin makaranta da masallaci da 'yar kasuwa, sannan ya taka da ƙafarsa daga fulotin zuwa bakin titi da rana tsaka, domin abin da ƙafarsa ta gaya masa shi matarsa da 'ya'yansa za su rayu da shi. A unguwar da aka riga aka gina ma akwai abin yi. Fulotan kan kwana su fitar da shaguna. A rufe kwalbati da silab mai ƙarfi a jere ba tare da kowa ya yi nasa tudun ba, sai ya zama hanyar masu tafiya a ƙasa. Kowane gida ya dasa bedi biyu a ƙofarsa ya kewaye su saboda awaki, cikin 'yan shekaru layin zai sami inuwa. Gadojin ƙasa da aka yi a Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya sun rage cunkoson motoci, amma ina fata duk babban aikin titi da za a yi nan gaba a fara da tambayar ta ina tsohuwa da ɗan firamare za su tsallaka.

Alhaji Ɗan Kasuwa, 'Yar Kutungu:
Injiniya, maganarka ta zo a kan gaɓa. A unguwarmu awon gwamnati ne, kuma tun da muka tare ake ce mana wani fili da ke tsakiya na makarantar firamare ne da 'yar kasuwa, amma kwanan nan mun ga an sauke yashi da bulo a gefensa, kuma babu wanda ya san mai shi. Mene ne matakin da ya dace mu ɗauka kafin gini ya tashi?

Injiniya, Ƙofar Ƙaura:
Alhaji, kada ku tari masu aikin da faɗa, kuma kada ku tsaya jiran jita-jita. Ku fara samun kwafin taswirar awon mai ɗauke da lambarta daga ofishin da ke kula da filaye, domin ita ce hujjarku. Idan ta nuna filin na jama'a ne, ku rubuta takardar ƙorafi da sa hannun magidanta da liman, ku bi ta hannun mai unguwa zuwa hukumar tsara birane, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, sannan ku ɗauki hoton filin yadda yake a yau da kwanan wata. Idan kun sami taswirar kafin Asabar, ka kira ni bayan la'asar in zo mu auna iyakokin tare.